Gumi a cikin dusar ƙanƙara: yadda ake zaɓen jaket ɗin hawan tsauni da allunan zamiya

Mu a Zariya in an ce rigar sanyi, kauri ake nufi. Da hunturu ya kankama a Disamba, ma'aunin zafi ya sauko wajen digiri 12 da asuba, sai kowa ya nufi 'yan gwanjo a Sabon Gari ko Samaru yana taɓa kaya, wadda ta fi nauyi da tudu ita ce mai daraja. Lissafin daidai ne ga mai fita sallar asuba, ko mai hawa babur daga Kwangila zuwa Tudun Wada da sassafe. Sai dai yaranmu da ke tafiya karatu Kanada, Norwe, Jamus ko Amurka, wasunsu kan shiga ƙungiyoyin ɗalibai masu fita tsaunuka lokacin dusar ƙanƙara, kuma a can wannan lissafin namu yana iya jefa mutum cikin haɗari na gaske. Mai hawa tsauni da ƙafarsa ya fi fuskantar barazana daga gumin jikinsa fiye da dusar da ke zubo masa, don haka da gumin ya kamata ya auna rigar da zai saya.

Zamiyar ƙanƙara a tsauni, wato zamowa a kan dusa da dogayen alluna ɗaure a ƙafa, iri biyu ce, kuma rigarsu ba ɗaya ba ce. Akwai wadda ake yi a wuraren shaƙatawa da aka gyara, inda kujeru masu tafiya a kan igiyar ƙarfe ke ɗaukar mutum zuwa sama yana zaune, nasa kawai ya zamo ƙasa. Wannan ko jaket mai kauri ya sa babu laifi, tunda zama ya fi motsi yawa. Ɗayar ita ce ta bayan gari: babu kujera, babu hanyar da aka share, babu masu gadi. Ana liƙa wa ƙasan allunan wani ƙyalle mai gashi, na gashin akuyar Angora ko na nailan, wanda gashinsa ya kwanta gefe guda, allo ya zame gaba amma ya ƙi komawa baya. A saki dunduniyar takalmi, a goya jaka, a kama hawa. A yini ɗaya ba abin mamaki ba ne a hau mita 1,000 zuwa 1,500, hawan ya ci sa'o'i uku zuwa biyar, saukowar kuma ba ta kai sa'a guda ba. Haka ake yi a tsaunukan Lyngen na arewacin Norwe, da Rogers Pass a Kanada, da shahararriyar hanyar nan ta kusan mako guda daga Chamonix a Faransa zuwa Zermatt a Suwizalan. Ko a nan Afirka ana hawan Toubkal na Maroko, mai tsayin mita 4,167, da alluna a lokacin sanyi.

To me ke faruwa da jiki a wannan hawa? Mutum yana zaune, zafin da jikinsa ke fitarwa bai wuce wat 100 ba. Da ya kama gangara da kaya a baya, zafin kan ninka sau biyar ko shida, domin abin da tsoka ke mayarwa aiki daga abincin da ta ƙona bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, sauran duk zafi ne. Jiki ba shi da wata babbar hanyar zubar da wannan zafi sai gumi, kuma mai aikin ƙarfi kan zubar da lita guda a sa'a, wani ma fiye. Ba ruwan jiki da cewa waje na digiri 10 ƙasa da sifiri. In ka lulluɓe shi da abin da ba ya sakin zafi, gumi zai yi, gumin kuma ya jiƙa duk abin da ke jikinka.

Muddin ana tafiya ba a jin komai. Tsayawa ce ke tona asiri. An kai ƙoli, an tsaya cire ƙyallen allo, a ci abinci, wataƙila a yi azahar. Murhun jiki ya mutu cikin 'yan mintuna, iska ta taso, ga tufa a jiƙe. Ruwa yana janye zafi fiye da iska kamar sau 25, kuma kowace lita ta gumi da ta bushe a jiki tana tafiya da kilokalori wajen 580. Ƙara da cewa duk mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5, sannan digiri 10 ƙasa da sifiri in ya haɗu da iska mai gudun kilomita 30 a sa'a, fata kan ji shi kamar 20 ƙasa da sifiri. Da zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari: karkarwa, yatsu su ƙi kama zif, harshe ya yi nauyi, tunani ya rikice. Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan yanayi shi ne mai shi ba ya gane halin da yake ciki, sai abokan tafiya sun lura.

Shi ya sa masu wannan harka ba sa dogara da riga ɗaya. Wadda ke jikin fata siririya ce, ta ulun tumakin Merino ko foliyesta, aikinta ta kwashe gumi daga fata. Auduga haramun ce a nan, duk da ƙaunar da muke mata: tana shan ruwa ta riƙe, ta manne a baya da sanyi. Singiletin auduga guda ɗaya a ƙarƙashi ya isa ya lalata aikin jaket ɗin dala 600. A kan ta farko akan sa suwaita mara nauyi in sanyi ya yi tsanani. Sai ta waje, wadda muke magana a kai, ba ta da cushe ko kaɗan, fallen ƙyalle ce mai tare iska da ruwa. Mai cushen gashin agwagwa ko zaren roba kuwa tana cikin jaka, sai an tsaya a ciro ta a ɗora a kan komai, a cire kafin a ci gaba. Wanda ya sayi jaket ɗin waje mai cushe a ciki ya ɗaure kansa, don ba shi da ikon rage ɗumi lokacin hawa.

Aikin da ake nema daga rigar wajen nan abu biyu ne masu karo da juna: ta hana ruwa shiga, ta bar tururin gumi ya fita. Na farkon mai sauƙi ne. Rigar ruwa ta roba da 'yan acaba ke sawa a Agusta ɗigo ɗaya ba ya ratsa ta. Amma ka tsaya kusa da ɗayansu a PZ in ruwa ya ɗauke ya tuɓe ta, za ka ga taguwarsa ta yi jagab tun daga wuya har ƙugu, alhali ruwan sama bai taɓa shi ba, kuma shi a zaune ya yini. Da wannan riga aka hau tsauni, kafin rabin sa'a an yi wanka a cikinta.

Wanda ya buɗe ƙofar warware wannan matsala shi ne Bob Gore, a 1969, a kamfanin mahaifinsa da ke Delaware ta Amurka. Ya fizgi sandar robar PTFE mai zafi da ƙarfi, maimakon ta tsinke sai ta miƙe ta zama wani abu mai ƙananan ramuka marasa adadi. Daga nan aka sami tantanin da ake kira Gore-Tex, wanda ya fara shiga kayan sawa da tantuna a 1976. Kamfanin ya ce kowace santimita murabba'i tana ɗauke da ramuka kimanin biliyan 1.4, kowane rami ya fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, ya kuma fi ƙwayar tururi girma sau 700. Ɗigo ba ya shiga, tururi yana fita. Sai dai maiƙon jiki da dauɗa kan toshe ramukan ko su jawo ruwa ta cikinsu, don haka aka riƙa shafa wa tantanin wata siririyar roba ta ciki don kariya. Wasu kamfanoni ma, irin su Toray na Jafan mai Dermizax da Sympatex na Jamus, sun yi tantanin da babu rami a jikinsa sam: yana tsotse danshi ta ciki, ya miƙa shi ƙwaya bayan ƙwaya zuwa waje.

A nan ne masu talla ke yin shiru. Tururi ba ya fita don kansa, sai in cikin riga ya fi waje ɗumi da danshi, bambancin nan ne ke tura shi. Duk matar da ta taɓa shanya a Zariya ta san wannan: a Janairu, da danshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 20, zani kan bushe kafin a gama wanke na gaba, a Agusta kuwa ya kwana biyu a igiya yana warin sanyi. Zanin bai canza ba, iskar ce ta canza. Haka tantanin yake. A tsauni mai busasshen sanyi yana aiki sosai, a ranar da ake yayyafi kusa da sifiri, hazo ya rufe ko'ina, sai ya kusan tsayawa. Kuma irin tantanin da ke da shafin roba sai cikin riga ya fara jiƙa kafin ya kama aiki, wato mai ita zai riga ya ji laima kafin a fara kwashe masa ita. Wannan ne ma dalilin da ya sa wanda ya sayi Gore-Tex ta gaske a gwanjo don damina yake ƙorafin ta jiƙa shi. Ba yoyo take ba, iskar Agustan namu ce ba ta da wurin karɓar gumi.

Don kauce wa wannan jira aka ƙirƙiro wani rukunin tantani da ke barin iska 'yar kaɗan ta ratsa. Tantanin da ake kira eVent ya fara da barin ramukan a buɗe, daga baya aka zo da waɗanda ake saƙawa da zare siriri ƙwarai ta hanyar lantarki, irin su NeoShell na Polartec, AscentShell na Outdoor Research, da Futurelight da The North Face ya fitar a 2019. Iskar da ke wucewa ba ta kai a ji ta kamar sanyi ba, amma tana kwashe danshi tun kafin ya taru. Ga mai hawa wannan riba ce babba. Abin da aka biya shi ne, a ƙolin tsauni cikin guguwa ba su kai tantanin da ke rufe ruf tsare jiki ba, kuma sun fi saurin toshewa da dauɗa, sai da wanki akai-akai.

Yanzu ga lambobin da ke rataye a jikin sabuwar jaket. Ta farko da milimita ake rubuta ta: 10,000, 20,000, wani lokaci 28,000. Ma'anarta tsayin ruwan da za a tsayar cikin bututu a kan ƙyallen kafin ya fara tsatsafowa. 20,000 na nufin mita 20. Mutane na son wannan lamba saboda tana da sauƙin fahimta, amma ga mai hawa cikin busasshiyar dusa 10,000 ta wadatar, 20,000 kuma ta isa ko'ina, har inda maɗaurin jaka ke danna kafaɗa. Abin da ya haura haka ba ya ƙara maka komai da za ka ji a jikinka. Ta biyu da giram ake rubuta ta, yawan tururin da ke ratsa mita murabba'i ɗaya cikin sa'o'i 24. In ka ga 20,000, lita 20 kenan a yini, sama da giram 800 a sa'a, wanda a takarda ya kusan kwashe gumin mai hawa gaba ɗaya. A dutse ba haka abin yake ba. A ɗakin gwaji aka samo lambar, cikin yanayin da aka tsara, kuma hanyoyin gwajin sun fi ɗaya. Ƙyalle guda kan ba da sakamako mai nisa da juna in an canza hanya, kamfani kuwa wadda ta fi yi masa kyau zai buga. Sannan bayanka, inda gumi ya fi yawa, jaka ta rufe shi.

Wadda na fi yarda da ita ita ce RET, ta ƙa'idar ISO 11092, inda ake ɗora ƙyalle a kan farantin ƙarfe mai ɗumi da ke kwaikwayon fata mai gumi, a auna yadda yake tare tururi. Ita ƙaramar lamba ce mai kyau. Bisa rabon cibiyar Hohenstein ta Jamus, ƙasa da 6 ya yi kyau ƙwarai, 6 zuwa 13 ya yi kyau, 13 zuwa 20 da dama-dama, abin da ya wuce 20 kuma ba na aikin ƙarfi ba ne. Mai hawa ya nemi ƙasa da 6 in aljihu ya yarda. Duk da haka amfanin lambobin nan kawai shi ne ware marasa kyau gefe. Ba a yi tantanin da zai iya da gumin mai hawan gangara da sauri ba tukuna, kuma duk wanda ya ce maka nasa zai iya, kaya yake son sayarwa.

Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: a ina za a yi hawan? Tsaunukan da ke can cikin tudu nesa da teku, irin na Kolorado a Amurka da na Alberta a Kanada, sanyinsu mai tsanani ne amma busasshe, dusar kamar gari, ka kaɗe ta ta zube. A irin wannan wuri jaket mai laushi, wadda babu tantani a cikinta, saƙa ce kawai mai matsi da ɗan miƙewa, ta fi kowace mai tantani daɗin hawa nesa ba kusa ba. Tana tare yawancin iska, tana zubar da busasshiyar dusa, gumi kuma na ficewa kai tsaye. Na kusa da teku kuwa, kamar gaɓar yammacin Norwe, Sikotilan, da gaɓar British Columbia a Kanada, dusarsu mai nauyi ce a jiƙe, kuma tana iya komawa ruwan sama rana tsaka. A nan dole sai mai tantani, cikakkiya, wadda aka liƙe duk ɗinkinta da tef. Ra'ayina ga ɗalibin da kuɗin guda ɗaya kawai yake da shi: ya sayi mai tantani mara nauyi, ya bar ta cikin jaka lokacin hawa in sama ta yi garau, ya hau da ta ciki da 'yar siririyar rigar tare iska mai araha. Mai laushi ita kaɗai ba ta ceton mutum ranar da yanayi ya juye, kuma a tsauni yana juyewa ba sallama.

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya a jikin jaket, zif ɗin hammata zan zaɓa kafin sunan tantani. Buɗaɗɗen zif daga tsakiyar hannu zuwa haƙarƙari yana fitar da zafi cikin minti guda fiye da abin da tantani zai fitar a dogon lokaci. A gwada shi da safar hannu mai kauri da jaka a baya: in ba ya buɗuwa da hannu ɗaya, ba za a riƙa buɗe shi a hanya ba. Zif ɗin gaba mai kai biyu, da ke buɗuwa ta ƙasa ma, yana ƙara taimakawa. Akwai jaket masu tsada da aka cire wa zif ɗin hammata don rage giram kaɗan. Waɗannan na 'yan tsere ne, ba na mai koyo ba.

Sauran fasalin ba shi da wuyar ganewa. Hular jaket ta rufe hular kwano, ta kuma juya tare da kai in an waiga. A ɗaga hannu biyu sama, in gindin rigar ya bar ƙugu ta yi gajarta. Aljihu ya kasance a ƙirji, sama da ɗamarar jaka, mai girman da zai ɗauki ƙyallen allo a naɗe, don ɗumin jiki ne ke hana gam ɗinsa mutuwa. Faɗinta ya ɗauki suwaita a ciki ba tare da ta zama buhu ba. 'Yan'uwa mata masu hijabi, dokar auduga ta shafi kai ma: a nemi na wasanni, na foliyesta ko ulu, wanda ke shiga ƙarƙashin hular kwano ba tare da fil ba, a kuma riƙe busasshe a jaka. Launi kuma ya zama mai ɗaukar ido, ja ko ruwan lemo ko rawaya, saboda mai neman ka cikin hazo ko daga jirgi mai saukar ungulu.

Wannan ya kawo mu kan abin da ba na so a wuce shi da sauri. Babban abin da ke kashe masu wannan wasa zaftarewar dusa ce, kuma wanda ta binne, mintuna 10 zuwa 15 na farko su ne rayuwarsa. Kowa sai ya ɗauki shebur, da sandar lalube, da na'urar da ke aika sigina a kan kilohaz 457 don abokan tafiya su gano wanda dusa ta binne. Ana ɗaura na'urar ne a jiki, ƙarƙashin rigar waje, kada a sa ta a aljihun jaket ɗin da za a tuɓe a cusa a jaka, domin zaftarewa kan raba mutum da jakarsa. A nisanta ta da waya aƙalla santimita 20, a kuma guji jaket mai maɓallan maganaɗisu ko mai ɗumama da batir, suna rikita sigina. Wasu jaket na ɗauke da tambarin RECCO, ɗan falle ne da aka ɗinke a ciki wanda masu ceto ke iya ganowa da tasu na'urar. Yana da amfani, amma abokan tafiyarka ba su da wannan na'ura, kuma kafin masu ita su iso lokaci ya ƙure. Duk wanda zai fita, ya fara yin kwas ɗin sanin zaftarewa. A Kanada akwai na matakin farko da ake kira AST 1, sauran ƙasashen ma suna da nasu.

Mu koma kan ƙyallen. Za ka ga an rubuta 2L, 2.5L ko 3L. Mai 2L tantani ne manne da ƙyallen waje, sai raga da ke lilo a ciki. Tana da nauyi, ta 'yan wurin shaƙatawa ce. Mai 2.5L an fesa wa tantanin wani zane ne a ciki a madadin ƙyalle. Ba nauyi, ga araha, amma tana manne wa fata kuma ita ce ke saurin ɓarewa. Mai 3L an haɗe ƙyallen waje da tantani da siririn ƙyallen ciki sun zama falle ɗaya, ita ce ta wannan aiki. Harafin D kuma kaurin zare ne, nauyin giram na zare mai tsawon mita 9,000. Mai 20D ko 30D ba ta da nauyi amma reshe ko bakin allo na iya yaga ta, 70D zuwa sama tana jure wahala amma ta fi nauyi da zafi, 40D tsaka-tsaki ce. Gaba ɗaya giram 300 zuwa 500 ya yi, tunda rabin yini a jaka za ta yi shi.

Akwai wani sinadari da ake shafa wa fuskar ƙyallen waje, shi ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare. Da ya gushe, ƙyallen ya sha ruwa ya yi duhu, tururi ya rasa ta inda zai bi, ya koma raɓa a ciki, mai riga ya ɗauka ta huje. Shekaru da yawa da sinadaran PFAS ake yin wannan shafi, masu korar ruwa da mai duka, amma ba sa ruɓewa, suna taruwa a ruwan sha da jinin mutane. Jihohin Kalifoniya da Niyok sun hana sayar da yawancin tufafin da ke ɗauke da su daga Janairun 2025, kamfanin Gore ma ya fito da sabon tantani na ePE da babu su a ciki. Ina goyon bayan wannan sauyi, duk da cewa sabon shafin bai kai tsohon korar maiƙo ba, don haka sababbin jaket na neman wanki fiye da na da.

Wankin kuma da ƙa'idarsa. Ruwa mai ɗumi digiri 30 zuwa 40, sabulun ruwa kaɗan, ɗauraya biyu, ban da bilic, ban da sinadarin tausasa kaya. Bayan ta bushe a ba ta ɗan zafi, minti 20 a injin busarwa, ko guga mara zafi sosai da tawul a tsakani, shi ke tayar da shafin. Kada a murɗe ta, kada a kai ta wurin masu bugu, kada dutsen gawayi ya kusance ta.

Irin waɗannan jaket suna shigowa cikin dilolin gwanjo, kuma a kasuwar Sabon Gari sau da yawa ba a ganin darajarsu saboda ba su da kauri. Na raka wani ɗan yayata mai shirin tafiya karatu, mai kayan ya yi ta tura masa masu cushe yana cewa, "Samari, ƙasar da za ka sai irin wannan." Yaron ya zaro wata shuɗiya fallen ɗaya daga ƙasan tari ya miƙo mini, "Kawu, duba wannan." Na juya cikinta waje. Tef ɗin ɗinkin kafaɗa yana nan lafiya, amma a bayan wuya, inda gumi da man gashi ke taruwa, ƙyallen ya yi ƙuraje ya rabu da tantani, da na murza da yatsa sai wani farin gari ya zubo mini a tafin hannu. Wannan ta gama aiki, babu telan da zai gyara ta. Ta biyun da muka samu wuyanta sumul. Na ɗaga ta ga rana ban ga huda ba, na ja kowane zif sama da ƙasa, sannan na tsiyaya mata ruwan leda a kafaɗa. Ruwan ya baje ya shige ƙyallen waje, amma cikin ya tsaya a bushe. Mai kayan ya ce, "Alhaji, ka ga tana shan ruwa, sai in rage maka." Shafin waje ne ya gushe, abin da wanki da kwalbar feshi ke maidowa, don haka muka ɗauka.

A yi hattara da jabu, suna da yawa. Tambarin da aka ɗinka a hannun riga ba hujja ba ne. Ta gaske tef ɗinta siriri ne a miƙe, ya bi kowane ɗinki har cikin hula da bakin aljihu; ta jabu takan liƙe kafaɗa kawai, cikinta kuma santsin leda ne.

Ta gwanjo mai lafiya ta isa yawon gari, da fitar farko-farko kusa da hanya tare da ƙungiya. Tafiya mai nisa, inda in riga ta gaza babu wurin fakewa, tana son wadda aka san tarihinta. Sababbi masu 3L na manyan kamfanoni kan kai dala 400 zuwa 700, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai zaman tallafin karatu, amma farashi kan faɗi sosai a ƙarshen lokacin sanyi, wajen Maris da Afrilu, kuma ƙungiyoyin ɗalibai da yawa na ba da aron kaya ko haya. Gara yaro ya yi fitarsa ta farko da ta aro, ya ga irin gumin jikinsa da irin dusar yankinsa, ya tambayi waɗanda suka daɗe suna hawa a wurin me suke sawa a Janairu, me suke sawa a Afrilu, sannan ya kashe kuɗinsa. In kuɗin bai kai duka ba, na'urar sigina da shebur da kwas ɗin zaftarewa su ne a gaba, jaket ta jira rangwame.